Ba Na'ura Ke Kaɗa wa Kawu Gita Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, ana jiran ruwan farko. Kafin azahar an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karɓi mutuwar kamar yadda kowa ke karɓa, don ya daɗe yana jinya, mun kuma ga alama. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganganun da na ji a zaman makoki, su ne suka sa na zauna na rubuta wannan.

Ranar sadakar uku ina raba ruwa wajen mata, sai na ji wata maƙwabciya, wadda ba ta fi shekara biyu da tarewa a unguwarmu ta Kara-Kara ba, tana tambayar ta kusa da ita: "Shi ne tsohon nan da ordinater ke yi masa kiɗa, shi yana motsa yatsu?" Kwamfuta take nufi. Aka ce mata shi ne. Ta ce, "Allah sarki. Ai dabara ce, tsufa ya zo." Ba da mugunta ta faɗa ba. Abin da ta ji a gari ta maimaita, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

A waje, ta bayan zana, ina jin maza. Wani dattijo daga masallacin layinmu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya ajiye gita shekara guda kafin ya cika. Allah ya karɓi tubarsa." Aka amsa da amin. Kawu bai ajiye gita ba, hannunsa na hagu ne ya mutu. Ban kuma taɓa ganin sallar da ta wuce shi saboda kiɗa ba. Shi ya gyara lasifikar masallacin nan sau ba adadi, bai karɓi ko godiya ba.

Sai kuma wani babban mutum da ya zo daga Yamai cikin mota mai sanyi. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar gaba, ya ce ƙasa ta yi rashin ginshiƙin al'ada. Da na leƙa na ga fuskarsa sai da na ajiye bokitin hannuna, don kada ya suɓuce. Na san shi. Zan zo kan abin da ya yi.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba: aminin Kawu, wanda ya buga masa ganga sama da shekara talatin. Ya zauna can jikin katanga, nesa da tabarmi, kwana uku. An kai masa abinci, an dawo da kwanon yadda aka kai shi.

Kawu mai gyaran rediyo ne. Rumfarsa na bakin kasuwa, nan ya ci ya ciyar da iyali. Gita kuwa tun yana saurayi ya kama ta, lokacin da ƙungiyoyin kiɗa ke tashe a Damagaram. Mu Barebari ne, kakanninmu daga Barno suka zo da fatauci, kuma a gidanmu ba a san kiɗa ba. Kakata ta yi shekara ba ta karɓar abin hannunsa. Daga baya ta sauka, amma har ta rasu idan za ta ambaci gitar sai ta ce "itacen nan naka".

Mutum ne mai wuyar gamsuwa. Kome ka yi masa, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Shayi, saura kaɗan. Miyar matarsa, wadda muke kira Iya, saura kaɗan, har sai da ta daina tambayarsa. Ranar da na kawo masa takardar samun aikin sakatariya a biron lekol, wato ofishin makaranta, ya karanta ta sau biyu, ya ce, "Madalla, ɗiyata. Saura kaɗan ki zama darekta." Yana tafasa tsofaffin wayoyin gita a tukunya ya shanya su, su ƙara wata biyu. Ba ya yarda a gaishe shi yana daidaita sautin gita. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ka tsaya a bakin ƙofa har ya gama.

Yana da ampli, wato akwatin da ake jona wa gitar lantarki ya fitar da muryarta. Baƙi ne, mai nauyi, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Tun kafin a haife ni ya kawo shi daga Kano a bayan babbar mota, yana zaune a kansa duk hanya. Idan aka kunna shi sai an jira ƙwayayen cikinsa sun yi ja kafin ya yi magana. Muryarsa mai kauri ce da ɗan kaushi, idan Kawu ya danne waya sai ka ji ta a ƙirjinka. Duk wanda ya yi aure a unguwarmu a waɗannan shekaru ya san muryar nan.

Shekarar da fara ta biyo bayan fari, dangin Iya suka zo daga ƙauyensu na Droum. Da farko mata biyu ne da goyo. Kafin sati ya zagayo tsakar gida ta cika. Sun bar rumbuna wayam, sun yi wata suna jiƙa ƴaƴan anza na daji, masu ɗaci, suna ci. Akwai wata tsohuwa a cikinsu da ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya sa takalmi. Rumfar rediyo ba ta ɗaukar wannan nauyi, don a shekarar ba mai gyara rediyo, sayarwa ake yi.

Wata safiya na zo gaishe su kafin in wuce biro, na tarar da mai amalanke a ƙofar gida, Kawu da shi suna ɗora ampli. Iya na tsaye da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Malam, ina za ka kai shi?"

Ya ce, "Kasuwa."

"Gyara?"

"Ba abin da ya same shi."

Ta gane. Ta ce a sayar da gadonta na ƙarfe, a sayar da tasoshinta, danginta ne ai. Ya ce, "A gidana suke. Shi wannan ba ya jin yunwa, su suna ji. Matsa mu wuce." Da azahar amalanken ya dawo da buhunan gero. Wanda ya sayi amplin ya wuce da shi ƙetare, ba mu sake jin labarinsa ba. Kawu bai ƙara ambatonsa ba, mu ma ba mu yi ba.

Gitar lantarki ba ampli kamar mai raɗa ce. Sai ka matso kusa kafin ka ji ta. Shekara biyu Kawu yana zama da ita a zaure da la'asar, yana kaɗawa, shi kaɗai ke ji. Ya gwada jona ta a rediyo, ya gwada a lasifikar rumfarsa. Sauti na fitowa, amma siriri, busasshe. Ya ce kamar ana kiransa da sunan wani. Aro kuwa ba ya yi. Ya daina zuwa biki.

Akwai wani Bakano da ke kawo tsofaffin kayan lantarki kasuwa, Kawu ke tayar masa da waɗanda suka mutu. Wata rana ya zo rumfa da kwamfutar hannu mai karyayyen murfi, da faifai guda, da wani ɗan akwati kamar na ashana babba. Ya ce, "Baba, yaran sutudiyo a wajenmu sun daina ɗaukar ampli. A cikin nan yake. Ka jona gita a ɗan akwatin, akwatin a kwamfuta, ita kuma a lasifika. Ka tayar mini da rediyoyin can, ka riƙe ta." Kawu ya ce masa raini ne. Amma da yamma ya aiko a kira ni.

Ni ce mai aiki da kwamfuta a dangi, ko da yake iyakar sanina buga takarda. Muka mai da Lahadi ranar karatu. Bayan azahar mu shimfiɗa tabarma a zaure, ni ina karanta abin da ke kan allo, shi yana riƙe da gita. Mutumin da ya haura sittin, yatsunsa sun yi kanta, ya yi sati yana koyon jan kibiyar allo ba ta gudu ba. A cikin faifan akwai babbar manhaja, da ƙanana da yawa da ake jona mata. Kowace da aikinta: wata tana kwaikwayon ampli, har da hoton maɓallansa, wata tana sa amsa-kuwwa, wata tana kausasa murya. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya, sautin gita ya ratsa su ya fita. Da ya gane wannan sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ashe wayarin ne. Wayar ce kawai ba a gani." Daga ranar shi ke gaba, ni ina bin sa.

Matsalar farko jinkiri ce. Ya taɓa waya, sautin ya iso bayan ƙiftawar ido. Ni ban ji wani abu ba. Shi kuwa ya ajiye gitar, ya ce, "Na yi mata magana yau, ta amsa gobe. Wa zai yi kiɗa da wannan?" Lahadi uku muna fama. Ya sa na kashe duk abin da ke gudana cikin kwamfutar, ya goge wasanni da hotunan da suka zo da ita, muka sami wata lamba da idan an rage ta amsa ke yin sauri, idan an rage da yawa kuma sauti ya dinga tsattsagewa. Da kunne ya nemo tsakiyar. Sai ga wata ƙara kamar ta zuma a cikin lasifika. Ya gano idan an cire cajar bango ƙarar na ɗaukewa, saboda haka ya koma kiɗa da batir kaɗai, ya san yana da ƙasa da awa guda. Zafi ma yana kashe kwamfutar. Ya yi mata ƙafafu da murafun kwalba, ya ciro ƙaramar fanka daga wata matacciyar na'ura ya ɗaura mata a ƙasa. Da ya ga ba zai saki gita ya taɓa kwamfuta ana tsakiyar waƙa ba, ya samo tsohon allon buga rubutu na kwamfuta, ya ciccire maɓallansa ya bar huɗu, ya manna wa kowanne guntun katako. Da babban yatsan ƙafa yake canza murya. Shi ya sa yake kiɗa ba takalmi a ƙafar dama, abin da mutane suka ɗauka wani tsafi ne.

Duk wannan nema abu ɗaya yake yi, bai kuma faɗa mini ba. Wata Lahadi, bayan kusan wata huɗu, ya jera manhajoji uku, ya juya wani maɓalli kaɗan, ya danne waya. Sai na ji ta a ƙirjina. Iya ta fito daga madafa da muciya a hannu, tana duba bayan ƙofa.

Ta ce, "Malam, ka karɓo shi?"

Ya ce, "Ina kika gan shi?"

Ta dubi kwamfutar, ta dube shi. Ta zauna a bakin tabarma, tuwonta na kan wuta. Ya kaɗa mata waƙar da ya yi a bikinsu. Da ya gama na ce, "Kawu, wannan dai ta kai." Ya ce, "Saura kaɗan." Amma idonsa ya kawo ruwa, ya ce fankar ce ke hura masa.

Wannan ita ce na'urar da aka ce tana yi masa kiɗa. Babu waƙa ko ɗaya a cikinta. Idan ka cire hannun Kawu, ba abin da ke fita sai hucin fanka. Na faɗa wa mutane da bakina, na nuna wa wasu. Amma sun ga tsoho da allo mai haske a gabansa, sun yanke hukunci. Matasan da ke kunna kaset su kama makirufo suna motsa baki, su ne ma suka fi yaɗa zancen.

Ba zan ce Kawu waliyyi ne ba. Ya yi wa amininsa mai ganga abin da bai kamata ba, kuma a gabana. A wani biki ne da yamma, rana ta juyo ta bugi teburin da kwamfutar ke kai. Ana tsakiyar waƙar amarya allo ya daskare, gita ta yi shiru. Mai ganga ya ci gaba shi kaɗai, yana ta zagaya kiɗa guda, mata na tsaye a fili suna kallo, har kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Bayan an watse, ana naɗe waya, ya ce, "Shekara talatin ban taɓa jiranka ba. Yau ka sa na jira kayan biro. Ka nemi ampli kamar kowa."

Kawu ya ce, "Da ka taɓa sayar da gangarka ka ciyar da wani, da ba ka faɗi haka ba."

Mutumin nan a shekarar yunwa ya rasa shanun gadonsa duka a Hamdara, ya binne jikarsa. Kawu ya san da haka. Mai ganga ya ɗaure gangunansa, ya ɗora a kai, ya tafi da ƙafa. A hanya na ce wa Kawu bai kyauta ba. Ya ce, "Na sani." Na ce to ya je ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba yau ba." Shekara ta zagayo, idan sun haɗu a masallaci kowa ya dubi gabansa.

Bayan ƴan shekaru fari ya sake dawowa. Mutanen ƙauye suka sake cika bakin gari, suna jiran rabon abinci a ƙarƙashin itatuwa. Aka kafa wani kwamiti da zai shirya wasa don neman taimako, aka ce baƙi za su zo daga ƙasashen waje da na'urorin ɗaukar hoto. Takardar gayyata ta zo wa Kawu har rumfa, da hatimi. Ya yi wata guda yana shiri. Ya haɗa sabuwar waƙa a kan matan da ke haƙa gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, abin da ya gani da idonsa a hanyar Droum. Ya yi mata murya tata daban, mai amsa-kuwwa mai tsawo, kamar kira a fili. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta shadda.

Ranar wasan da hantsi muka je gwaji, ina ɗauke masa jakar kwamfuta. Mai shirya wasan, mutumin Yamai nan da ya zo makoki, ya tarye mu da fara'a. Da ya ga Kawu ya buɗe kwamfuta a kan kujera sai fara'ar ta ragu.

Ya ce, "Baba, wannan fa?"

Kawu ya ce, "Amplina ne."

Ya ja shi gefe, amma ina ji. Ya ce, "Ka gane, baƙin nan al'ada suka zo gani. Ba ka da gurmi? Idan suka ɗauki hoton dattijo da ordinater, za a ce masu ordinater ba su jin yunwa. Kuma an gaya mini a ciki kiɗan yake. Mu ba mu yarda a kunna wa mutane faifai."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya rataya gita, ya kaɗa, fili ya ɗauka. Ya ɗage hannuwansa sama, shiru. Ya sake kaɗawa. Ya miƙa wa mutumin gitar, ya ce, "Riƙe. Idan a ciki yake, ta yi maka." Mutumin ya yi dariya, bai karɓa ba. Ya ce ya yarda, amma maganar hoto na nan. Ya ce akwai gurmi a bayan dandali, kuma idan Kawu zai sauya riga da wadda ta ɗan kwana biyu, zai fi dacewa da saƙon.

Kawu bai taɓa riƙe gurmi ba a rayuwarsa, kuma yana girmama masu kaɗa shi fiye da ya hau ya yi musu wasan kwaikwayo. Ya ce, "Ɗana, yunwar da kake son nunawa ce ta cinye mini ampli. Wannan akwatin abin da ta bar mini ne. Rigar kuwa ita na sa na aurar da ɗiyata, ba zan tuɓe ta don a tausaya mini ba." Mutumin ya duba agogo, ya ce to sai wani karon. Ya ja layi a kan sunan Kawu a takardar hannunsa.

Na so in yi magana, Kawu ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Ya rufe kwamfutar, ya naɗe wayarsa a hankali.

Mai ganga yana wajen. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, ya riga ya jera gangunansa a dandali. Ya ji komai. Muna isa ƙofar fita sai muka ji tafiya a bayanmu. Shi ne, da gangunan a kai. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Ina za mu?"

Kawu ya dube shi. Ya ce, "Na yi maka magana mara kyau."

Ya ce, "Ka yi. Ina za mu? Kayan nan da nauyi."

Muka biya rumfa, Kawu ya ɗauko lasifika da batirin mota, muka ɗora a amalanke. Bayan la'asar muka sauka a bakin gari, inda mutanen ƙauye ke zaune. Ba zan ƙawata abin ba. Kiɗa bai cika cikin kowa ba. Wasu sun taso da sauri suna zaton rabo ne, da suka ga waya da ganga suka koma suna tsaki. Wani magidanci ya zo ya ce a rage, ɗansa ba lafiya, Kawu ya rage, ya juya lasifikar gefe. Amma da ya shiga waƙar gidan tururuwa, matan da ke kusa suka daina hira. Wata ta rufe fuska da mayafi. Mai ganga ya bi shi a hankali, kamar ba su taɓa rabuwa ba. Sun yi waƙa biyar batirin kwamfuta ya ƙare.

Muna haɗa kaya wata tsohuwa daga wajen Hamdara ta matso da sanda, ta nuna kwamfutar. Ta ce, "Malam, wannan ma a cikin kayan taimako aka ba ka?"

Ya ce, "A'a, Inna. Tawa ce. Da aikin hannuna na same ta."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, riƙe ta da kyau."

Wasan kwamiti an yi shi, an nuna a talabijin. Ban san abin da aka tara ba, ban kuma san inda ya tafi ba, don haka ba zan ce komai a kai ba. Abin da na sani shi ne wanda ya ja wa sunan Kawu layi ya zo ya zauna a tabarmar makokinsa yana kiransa ginshiƙi, aka kuma yi masa rakiya har mota.

Damina biyu bayan nan Kawu ya faɗi a rumfa. Surukinsa, mijin babbar ɗiyarsa, mai shagon kayan gini, shi ya ɗauke shi zuwa lopital, wato asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sallame shi. Ba zan hana shi wannan ba, ya yi abin da ɗa zai yi. Kawu ya dawo gida da hannun hagu a lanƙwashe. Duk da haka kowace la'asar sai an ɗora masa gita a cinya an buɗe masa kwamfuta. Da hannun dama yake taɓa wayoyi haka nan, yana juya maɓalli, yana ajiye sababbin muryoyi. Mai ganga na zuwa ya zauna kusa da shi, wani lokaci ya danne masa wayoyin da yatsunsa inda aka nuna masa, su yi ta faɗa a kan ya danne ba daidai ba.

Sau biyu Kawu ya ce mini, "Ɗiyata, ki kawo ɗan makullin nan naki na ajiya da ake cusa wa kwamfuta, ki kwashe abin da ke cikinta. Ƙarfe ne, yana mutuwa." Sau biyu na ce ranar Lahadi. Lokacin jarrabawa ne, biro ya cika da aiki. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Washegarin sadakar arba'in na je gidan da makullin ajiyar a jaka. Iya ta ce surukin ya ɗauki kwamfutar tun shekaranjiya, ya ce zai kai a duba ta. Ban zauna ba. Na same ta a shagon wani mai gyara, a kan tebur, an cire mata fankar da ƙafafun murafun kwalba, an jefa su a kwali. Mai shagon ya tashi da murna. Ya ce, "Hajiya, na wanke ta tas. Tarkace ne cike da ita. Yanzu gudu take kamar sabuwa." Ya kunna mini. Allo shuɗi, fes, ba komai. Na tambaye shi ko ana iya dawo da abin da aka goge. Ya ce ya riga ya zuba sabo a kai.

Na wuce shagon surukin. Ya ba ni kujera, ban zauna ba. Na ce, "Wa ka tambaya?"

Ya ce, "Yaya, me ke ciki? Kayan kiɗa ne kawai. Na ga gara yara su yi karatu da ita, ladan ya je masa. Na rage masa nauyi ne."

Na ce, "Aikin shekara bakwai ne. Ka buɗe ka gani kafin ka ba da ita?"

Ya ce, "Ni ban iya ta ba."

Gaskiya ya faɗa. Bai iya ta ba, bai san abin da ke ciki ba, bai kuma ga dalilin tambayar waɗanda suka sani ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar Kawu a kaset tun da ya koma kiɗa da kwamfuta, don an ce ba shi ke yi ba. Muryar da ya yi wata huɗu yana nema, da ta waƙar gidan tururuwa, da waɗanda ya haɗa da hannu ɗaya yana kwance, duk sun tafi cikin rabin awa a hannun mutumin da yake ganin alheri ya yi.

Ya Allah, bawanka ne, ka san shi fiye da mu. Ka san buhunan da ya shigo da su gida da abin da ya fitar kafin su shigo. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi. Ka ba Iya haƙuri, ka ba amininsa haƙuri. Ni ma ka yafe mini Lahadin da na yi ta ɗagawa.

Ni da surukin muna gaisawa idan mun haɗu, don Iya ta roƙe ni. Yaransa suna karatu da kwamfutar, an ce suna ƙoƙari. Har yau ban taka gidansu ba.